Katin Cikin Kwalin Taba: Yadda Bayan Kati Ke Yanke Farashinsa

A watan Agusta na shekarar 2022 an sayar da wani ɗan guntun kati, wanda tsawonsa bai kai santimita 7 ba, a kan dala miliyan 7.25 a ƙasar Amurka. Katin na ɗauke da hoton Honus Wagner, ɗan wasan ƙwallon besbol na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, kuma asalinsa kyauta ce da ake sakawa cikin kwalin taba sigari.

Kamfanin American Tobacco Company ne ya raba waɗannan katuna tsakanin 1909 da 1911. Masu tara su na kiransu T206, sunan da Jefferson Burdick ya laƙaba musu a kundinsa, kuma ana ƙirga nau'i 524. Manufar kamfanin ita ce mai saye ya riƙa komawa kanti har ya haɗa 'yan wasan da yake so.

Maɗaba'ar American Lithographic Company da ke birnin New York ce ta yi aikin. Masu zane kan ɗauki hoton ɗan wasa, da yawa daga cikin waɗanda Carl Horner na Boston ya ɗauka, su mayar da shi zanen launi. Daga nan sai a buga launuka ɗaya bayan ɗaya a kan babban falle mai ɗauke da katuna da dama, kowane launi da nasa zagayen, kafin a yayyanka. In falle ya goce ko kaɗan, launi kan hau kan launi, in kuma aka tsallake zagaye guda, katin kan fito da launi a rage. An kuma yi kurakurai a rubutu, kamar sunan Sherry Magee da ya fito "Magie" kafin a gyara, abin da ya sa na kuskuren ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Sai dai a bayan katin ne ciniki ya fi karkata. Fuska ɗaya kan fito da tallan tabobi dabam-dabam, domin kamfanin na da sunayen haja masu yawa. Piedmont da Sweet Caporal su ne suka fi yawa, saboda haka sun fi araha. Drum da Uzit da Lenox da Broad Leaf kuwa samunsu sai an tona. Bayan katin kan nuna jerin da aka buga shi, wato 150 ko 350 ko 460, tare da lambar masana'antar da ta tattara tabar, kamar ta 25 a Virginia, ta 30 a New York, ko ta 42 a North Carolina. Katunan Polar Bear sukan zo da tabo, domin cikin jakar garin taba aka saka su, na American Beauty kuma sun fi sauran siranta.

Darasin tattalin arziki a nan a fili yake: hoto iri ɗaya, takarda iri ɗaya, amma ƙarancin baya kan ninka farashi. Katin Ty Cobb mai tallan taba mai sunansa na cikin mafi ƙaranci, shi ya sa gano guda 7 cikin wata tsohuwar jakar takarda a 2016 ya girgiza kasuwar. Na Wagner kuwa an dakatar da buga shi tun da wuri, kuma waɗanda suka rage 'yan kaɗan ne.

Inda kuɗi suke, nan algus ke leƙawa. Katin Wagner da Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya dala 451,000 a gwanjo a 1991, a 2013 wani dillali ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefensa don ya ƙara kyau. Saboda haka masu saye kan nemi a auna katin, a duba tawada da bayansa, kafin su biya.

A 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin a wargaza American Tobacco Company saboda babakere a kasuwa, kuma a shekarar ce aka daina raba katunan. Tarin da Burdick ya haɗa yana gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York.