Kwamfuta Kaɗai Ba Ta Gyara Lissafin Magani A Asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2017 cewa kurakuran ba da magani suna jawo wa duniya asarar dala miliyan dubu 42 a kowace shekara. Wani ɓangare na wannan asara daga takarda yake somawa: rubutun likita da ba ya karantuwa, ko allurar da aka yi wa majinyaci ba a rubuta ba.

Wannan ne ya sa asibitoci suka karkata ga kwamfuta. Binciken da aka buga a 1998 kan asibitin Brigham and Women's da ke Boston, Amurka, ya nuna manyan kurakuran magani sun ragu da kashi 55 cikin ɗari bayan da likitoci suka fara rubuta magani ta na'ura.

Sai dai abin da ya auku a asibitin yara na Pittsburgh ya isa ya sa mai zuba jari ya yi taka-tsantsan. A watan Oktoban 2002 aka kafa irin wannan tsari cikin kwana 6 kacal. Na'urar ba ta karɓar umarnin likita sai yaro ya iso an yi masa rajista, alhali a da tun yana hanya ake tanadar maganinsa. Aka kuma kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin jinya zuwa babban ɗakin magani, ma'aikatan jinya suka bar bakin gado suka koma gaban allo. Rahoton da aka buga a 2005 ya ce mace-macen yaran da ake turowa daga wasu asibitoci sun tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.57 cikin ɗari.

Asibitin yara na Seattle ya sayi tsarin kamfani ɗaya da na Pittsburgh, amma sai da likitocinsa suka zauna suka tsara jerin umarnin gaggawa kafin a fara aiki da shi. Rahotonsu na 2006 bai ga ƙaruwar mace-mace ba.

Masu asibitocin kuɗi a Nijeriya da ke shirin irin wannan saye suna da ƙarin matsalar ɗaukewar wutar lantarki. Saboda haka kuɗin horar da ma'aikata, da na janareta, da tanadin littafin da za a koma wa idan na'ura ta tsaya, duk wajibi ne su shiga lissafi kafin a sa hannu a kwangila.