Abin da Ya Sa Inshorar Mota Ke Yi wa Matasa Tsada a Birtaniya

A Birtaniya matashi kan iya samun lasisin tuƙin mota tun yana shekara 17, amma lasisi kaɗai ba ya kai shi kan titi. Doka ta hana kowa fita da mota sai da inshora, kuma abin da kamfanoni ke nema a hannun sabon direba kan fi kuɗin tsohuwar motar da ya saya. A farkon 2024 shafin Confused.com, mai kwatanta farashin kamfanonin inshora, ya bayyana cewa matsakaicin abin da ake nema a hannun ɗan shekara 18 ya haura fam 3,000 a shekara, alhali na sauran direbobi gaba ɗaya bai cika fam 1,000 ba. Farashin ya ɗan lafa daga baya, amma tazarar da ke tsakanin yaro da babba tana nan.

Tun 1930 dokar hanya ta ƙasar ta wajabta inshorar da za ta biya duk wanda direba ya ji wa rauni. Tsarin ya yi kama da asusun taimakon juna na 'yan kasuwa, inda kowa ke zuba wani abu domin a tallafa wa wanda gobara ta cinye shagonsa. Bambancin kawai shi ne kamfani ba ya karɓar kaso ɗaya daga kowa. Yana raba masu zubi rukuni-rukuni, ya duba nawa kowane rukuni ya ci daga asusun a shekarun baya, sannan ya yanka masa farashi daidai da haka. Direban da bai taɓa tuƙi ba ba shi da tarihin da za a duba, don haka da tarihin sa'o'insa ake auna shi.

Tarihin kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Alƙaluman ma'aikatar sufuri ta ƙasar sun nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni a haɗarin mota, haɗarin ya haɗa da direba mai shekara 17 zuwa 24, duk da cewa waɗannan matasa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu lasisi ba. Samari maza ne suka fi shiga ciki: yiwuwar su mutu ko su ji mummunan rauni ta ninka ta direbobin da suka kai 25 kusan sau huɗu. Ba Birtaniya kaɗai ba ce. A Amurka, idan aka auna da nisan tafiya, direbobi masu shekara 16 zuwa 19 sun ninka manya kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a nan, rashin ƙwarewa da ƙuruciya. Sabon direba yana iya sarrafa sitiyari da birki yadda ya kamata, amma idonsa bai saba hango abin da ke shirin faruwa ba, kamar yaron da zai faɗo titi daga bayan bas ko kwanar da ruwan sama ya sa ta yi santsi. Wannan sai da yawan tuƙi ake samunsa. Ita kuma ƙuruciya tana zuwa da son gudu da son burge abokai, kuma masana sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon abu ba ya gama nuna sai mutum ya doshi shekara 25. Shi ya sa munanan haɗurran matasa suka fi aukuwa da dare, a hanyoyin karkara, mota cike da abokai.

Cikar motar da abokai ita ce ta fi ɗaga wa kamfanoni hankali. Mutane da yawa suna zaton darajar mota ce ke yanke kuɗin inshora, har su yi mamakin yadda za a nemi fam 2,000 a kan motar da ba ta kai haka a kasuwa ba. Abin da kamfani ke tsoro shi ne diyyar mutane. A dokar Birtaniya babu iyaka ga abin da inshora za ta biya idan an ji wa wani rauni. Idan fasinja ɗan shekara 18 ya samu rauni a laka ko a ƙwaƙwalwa, zai iya rayuwa shekara hamsin ko sittin yana buƙatar masu jinya dare da rana, da gidan da aka gyara domin keken guragu, da madadin albashin da ba zai ƙara samu ba. Irin wannan diyya ɗaya kan kai miliyoyin fam, kuma motar matashi kan ɗauko irin waɗannan fasinjoji uku ko huɗu a lokaci guda.

Akwai ma wani lissafi da ya ƙara wa abin nauyi. Kotu kan ɗauka cewa wanda aka ba diyya a dunƙule zai juya kuɗin su kawo riba, sai a rage abin da za a ba shi gwargwadon ribar da ake hasashe. A Maris na 2017 gwamnati ta sauke wannan ma'auni daga kashi 2.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.75 ƙasa da sifili, ma'ana an daina hasashen riba, an koma hasashen kuɗin za su riƙa rage daraja. Nan take manyan diyyoyi suka yi tsalle, kuma matasa ne suka fi ji a jika. A Janairu 2025 aka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 0.5 a Ingila da Wales.

Sauran abubuwan da ke shiga farashi kusan duk sun juya wa matashi baya. Direban da ya shekara bai nemi diyya ba ana yi masa rangwame, wanda bayan shekara biyar kan kai rabin kuɗin ko fiye. Sabon direba daga sifili yake farawa. Ana duba unguwar da mutum yake zaune da irin aikinsa da rukunin motarsa, domin an kasa motoci daga rukuni na 1 zuwa na 50 bisa ƙarfin inji da tsadar gyara. Gwamnati na ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari tun 2017, kuma da yake kaso ne na farashi, wanda aka fi tsauwala wa shi ya fi biyan haraji. Wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya sai ya riƙa biya wata-wata da kuɗin ruwa a kai. Ga kuma tsadar gyara, tunda motocin yanzu hatta bambarsu da gilashinsu cike suke da kyamarori da na'urori.

A da 'yan mata na biyan ƙasa da samari sosai, saboda ba su kai su yawan haɗari ba. A 2011 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa bambanta farashi saboda jinsi wariya ce, hukuncin ya fara aiki ranar 21 ga Disamba 2012. Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin 'yan mata ya tashi, na samari kuma bai sauka yadda suka yi fata ba.

Tsadar ta tura wasu ga hanyoyin da ba su da kyau. Mafi yaɗuwa ita ce uba ko uwa su rubuta sunansu a matsayin ainihin mai tuƙa motar, su saka ɗansu a matsayin mai taɓawa jefi-jefi, alhali shi ne ke fita da ita kullum. Iyaye da yawa na ganin wannan dabara ce kawai, amma a doka zamba ce. Ranar da aka yi haɗari kamfani kan bincika, ya soke inshorar, ya biya wanda aka ji wa rauni, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a hannun iyalin. Akwai kuma dillalan bogi da ke tallata inshora mai araha a Instagram da TikTok, su karɓi kuɗi su ba da takardar jabu, ko su yanki ta gaske da bayanan ƙarya. Wanda aka kama yana tuƙi ba inshora ana cin sa tarar fam 300, a rubuta masa maki shida na laifi, 'yan sanda kuma na da ikon ƙwace motar. Ga sabon direba maki shida cikin shekara biyun farko na nufin an soke lasisinsa, sai ya sake jarrabawa daga tushe. Waɗanda marasa inshora suka ji wa rauni kuwa wata hukuma da aka kafa a 1946 ce ke biyan su, daga kuɗin da take karɓa a hannun kamfanoni, wanda a ƙarshe masu bin doka ne ke biya.

Cikin halastattun hanyoyin rage farashi, wadda ta fi tasiri ita ce na'urar da ake kira baƙin akwati. Ana liƙa ta a mota, ko a saka manhaja a waya, tana aika wa kamfani bayanin gudu da taka birki da shan kwana da lokacin fita. Amfaninta shi ne a karon farko ana auna matashi da halinsa, ba da halin tsararsa ba. Tana da nata cikas: wanda aikinsa ke tashi da tsakar dare, kamar ma'aikacin asibiti ko gidan abinci, na'urar kan rage masa maki ba da laifinsa ba, kuma ba kowa ke son kamfani ya san duk inda ya je ba. Zaɓen ƙaramar mota mai ƙaramin inji da ƙara sunan gogaggen direba da gaskiya su ma suna taimakawa.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. A Faransa doka ta ƙayyade ƙarin da za a ɗora wa sabon direba: kada ya wuce ninki ɗaya a shekarar farko, ya ragu da rabi kowace shekara idan bai jawo haɗari ba, kuma wanda ya koyi tuƙi tare da babba a gefensa tun yana 15 rabin wannan ƙari ake ɗora masa. A lardin Manitoba na Kanada, inda inshorar ke hannun hukuma, ba a duba shekaru ko jinsi. Sai dai irin wannan tsari ba ya rage yawan diyyar da za a biya. Rarraba ta kawai yake yi a kan kowa.

A Najeriya matsalar ba ta fito da wannan siffa ba, domin inshorar dole ta motar gida farashinta ɗaya ne ga kowa, naira 15,000 tun Janairu 2023, ko direba ɗan 18 ne ko ɗan 60. Amma ɗaliban da ke tafiya karatu Birtaniya suna cin karo da ita. Lasisin Najeriya na aiki a can na wata 12 kacal, bayan haka sai an ci jarrabawar ƙasar, kuma kamfanoni da yawa ba sa lissafa shekarun da mutum ya yi yana tuƙi a gida.

Abin da ke rage diyya da gaske shi ne rage haɗarin. A 1987 New Zealand ta fara ba da lasisi mataki-mataki, inda ake hana sabon direba tuƙin dare da ɗaukar fasinjoji shi kaɗai na wani lokaci. Lardin Ontario ya bi sahu a 1994, jihar Florida a 1996, kuma yau kowace jihar Amurka tana da wani nau'i na tsarin. Bincike a waɗannan wurare ya nuna raguwar haɗurran matasa. A Birtaniya iyayen da suka rasa 'ya'yansu sun daɗe suna kira a ɗauki tsarin, gwamnatoci kuma sun yi ta ja da baya saboda matasan karkara da masu aikin dare, waɗanda ba su da abin hawa sai mota. Wannan uzuri ne da za a iya warwarewa ta hanyar keɓe masu zuwa aiki da makaranta, kamar yadda jihohin Amurka da dama suka yi. Muddin ba a taƙaita tuƙin dare da ɗaukar abokai a watannin farko ba, matashi mai natsuwa zai ci gaba da biyan kuɗin gangancin wasu.