Kaftin N'Tchoréré, jarumin garin Airaines

A ƙaramin garin Airaines, arewacin Faransa, har yau ana tunawa da Kaftin Charles N'Tchoréré, wanda aka haifa a Gabon a 1896.

A watan Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi da dakarunsa, baƙaƙe da farare, suka yi kwana 3 suna tare sojojin Jamus, don sauran abokansu su samu janyewa. Ranar 7 ga wata harsashi ya ƙare, aka kama su. Jamusawa suka ware baƙaƙe gefe guda, suka umurce shi da ya bar sahun hafsoshi. Ya ƙi, domin shi ma hafsa ne. Nan take suka harbe shi.

Sunansa aka raɗa wa makarantar sojan yara ta Saint-Louis, a Senegal.