Awon Albarushi a Hannun Maharban Birnin Gwari

Ranar hawan sallah, 'yan bindigar sarki danƙara wa bindiga albarushi suke yi, domin abin da jama'a ke jira a wurinsu ƙara ce da hayaƙi. Maharbin da zai shiga dajin Birnin Gwari neman gada ko mazo kuwa, lissafinsa daban ne. Bindigar iri ɗaya ce, albarushin ma haka, amma in ya yi ɗuri irin na fada da wuya ya dawo da nama, wataƙila ma ya dawo yatsunsa ba su cika ba.

Birnin Gwari tana can ƙarshen yammacin jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Dajinta mafi suna shi ne Kamuku, wanda hukumar En'e ta keɓe a 1936, aka kuma mayar da shi gandun dajin ƙasa a 1999, da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120. Ta arewa maso yamma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Hausawa da Gwarawa da Kamukawa sun daɗe suna cin arzikin wannan dawa: gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, a da har da giwa. Farautar taro ta lokacin rani, wadda ake fita da karnuka da gorori da kiɗa, kowane saurayi na iya shiga. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, mai ita shi kaɗai yake tafiya ko da ɗansa, kuma rabin iliminsa a kan ɗurin bindiga yake.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, matasa kuma ke tsokana da harba-ka-ruga, ta bakin teku ta fara shigowa ƙasar nan a hannun fataken Turai. Daga baya maƙeran gida suka ƙware a kanta. Sukan samo bututun ƙarfe, wanda aka fi yabo shi ne na sandar sitiyarin tsohuwar mota, su toshe gindinsa, su huda 'yar kafa a gefe, su ɗora shi kan icen da aka sassaƙa. Cikin bututun sumul yake, ba shi da zanen nan mai murɗawa da ke sa harsashin bindigar soja ya tafi yana juyawa. Kuma tunda kowane maƙeri da irin bututun da ya samu, babu bindiga biyu masu faɗin baki ɗaya. Shi ya sa awon albarushi ba ya aruwa. Wanda ya dace da bindigar uba zai iya fasa ta ɗa.

Ga yadda ake yi. Maharbi zai kafa gindin bindiga a ƙasa, ya kawar da bakinta daga fuskarsa. Ya ciro ƙaho ko ɗan goran albarushi daga burgami, ya tsiyaya a tafin hannu ko cikin wani ɗan murfi da ya saba aunawa da shi, ya zuba. Sai ya dunƙule tsumma ko auduga ya tura, ya bi da sandar ɗuri yana dannawa har ya ji ta zauna. Sannan harsashi: dalma in akwai, in babu gutsattsarin ƙarfe ko ƙwayar boris. Wani tsumman ya biyo baya don kada su zube in an sunkuyar da bindiga. Daga nan sai gwajin ƙarshe: ya sake zura sandar, ya jera yatsunsa a kan abin da ya rage a waje. Yawan yatsun shi ke gaya masa tsawon ɗurin, ko cikin duhu ne. Maharban Afirka ta Yamma sun daɗe da wannan awo na yatsu.

Sabon shiga yakan ɗauka yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi. Gaskiya ne, amma zuwa wani mataki kawai. Bututu yana da iyakar abin da zai iya ƙonewa a cikinsa kafin harsashi ya fice. Abin da ya haura nan a bakin bindiga yake tashi, ya zama wuta da hayaƙin banza. Ɓarnar kuma ba ta tsaya nan ba. Ƙarfin tashin yakan yaga tsumman da ke tsakani, iska ta kutsa cikin harsasai ta tarwatsa su, sai tsakiyar harbin ta zama fanko, dabbar da aka yi wa bara ta wuce lafiya. Bindigar takan yi shuri, bakinta ya ɗaga sama. Mafi muni, wanda ya sha shurin nan sau biyu zuwa uku sai kafaɗarsa ta koyi tsoro: kafin ya ja kunama ya riga ya runtse ido ya noƙe. Irin wannan maharbi ko an ba shi bindigar kirki ba zai samu ba.

Ƙarancin albarushi ma da nasa laifin. Harsashi ya tafi a sanyaye, ya faɗi ƙasa da inda aka nufa, ko ya shiga fata ya tsaya a tsoka. Dabbar ta gudu da rauni ta mutu can cikin ƙurmi, kura ta ci riba. Ba a banza ake wa gwanki kirari da sha bara ba: dabba ce da kan kai kilo 250 ko fiye, ɗurin gada ba ya kayar da ita.

Abin da ya fi fasa bindiga, bayan haɗama, shi ne ɗurin da bai zauna ba. In aka bar sarari tsakanin albarushi da harsashi, bututun kan kumbura ko ya tsage daidai inda hannun hagu yake riƙe.

Albarushin kansa ba ya zama ɗaya. Na asali kashi 75 cikin ɗari gishirin albarushi ne, 15 gawayi, 10 farar wuta, amma na kasuwar ƙauye kowane ƙulli da ƙarfinsa, don haka maharbi mai hankali yakan gwada sabon saye a jikin kututture kafin ya shiga daji da shi. Yana kuma shan danshi. Da damina, a daji mai raɓa irin na bakin kogin Mariga, bindiga kan yi jinkirin tashi bayan an ja kunama, ɗan jinkirin da ya ishi mazo ya yi tsalle. Sannan kusan rabin abin da ya ƙone toka yake zama, wani kuma a cikin bututun yake maƙalewa. Harbi biyu ko uku ba a wanke ba, ɗuri na gaba ba zai sauka daidai ba.

A Amurka, inda jihohi da dama suka ware wa masu bindigar ɗuri lokacinsu na farautar barewar ƙasarsu, da ma'auni mai lamba ake awo. Yawanci sukan zuba kimanin giram 5 zuwa 6 da rabi, su yi ta gwaji a kan allo suna ƙarawa kaɗan-kaɗan har su ga inda harsasai suka fi haɗuwa wuri ɗaya. Sau da yawa wurin yana ƙasa da iyakar abin da bindigar za ta iya ɗauka. Abin da maharbin Kuyello ko Dogon Dawa na ƙasar Birnin Gwari ya sani da yatsunsa ke nan. Bambancin, bututun Amurkawa mai zane ne, suna samun dabba daga mita 100; adaka kuwa in ta wuce 'yan taku talatin zuwa arba'in sai dai sa'a.

Wannan gajeren zango shi ya haifi sauran al'adun sana'ar. Tunda bindiga ba ta kai nesa, dole mutum ya kai kansa kusa. Daga nan aka samu ɗaura kan burtu a goshi, maharbi ya duƙa yana rausaya kamar tsuntsun har ya shiga tsakiyar dabbobi. Daga nan aka samu karanta iska da toka ko ƙura, da kwanan haƙo a mashaya, da fitilar goshi. Layu da guraye da warki suna nan, masu su kuma sun yi imani da su, amma harbi ɗaya tak bindigar ke da shi, kuma ba a taɓa jin laya ta gyara mugun ɗuri ba.

Yau farauta haramun ce a cikin gandun Kamuku, kuma shekaru sama da goma na 'yan fashin daji sun raba maharba da yawancin dajin. Da yawansu sun koma 'yan banga, suna tsare ƙauye da adaka a gaban masu AK-47, inda tsoro ke sa a yi ɗurin da babu maharbin ƙwarai da zai yarda da shi. Sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta Uba Sani ta ƙulla da 'yan fashin a watan Nuwamban 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun dawo hanyar Kaduna. Bindigogin toka na nan birjik a ƙauyuka, sun ma fi da yawa. Masu iya auna musu albarushi ne suka yi ƙaranci, kuma yawancinsu dattawa ne.