Masu Tsintar Ganye: Waɗanda Suka Fara Sa Itatuwan Ƙasar Hausa Cikin Littafi

Wanda duk ya tashi daga Kano ya nufi Bagwai, zai ga gonaki sun haɗe da juna, ba daji a tsakani, amma da wuya ya ga gonar da ba itace tsaye cikinta. Ga ɗorawa, ga kuka, ga gawo da tsamiya da kanya da ɗinya, kowanne da mai shi, har akan raba su a gado kamar yadda ake raba gona. Manomi ya san wanda zai sare da wanda zai bari, matar gida kuwa ta san na miya da na daddawa da na wankan jego. Wannan sani a baka aka gaje shi, kuma an daɗe ƙwarai kafin ya shiga takarda.

Malaman ƙasa ne suka fara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu cikin 1837, ya wallafa littattafai na magani da Larabci, ciki har da ɗaya a kan ciwon basur. Almajiran da ke karanta irin waɗannan littattafai sukan rubuta sunan itacen da ajami a gefen shafi, don kada wanda ya zo baya ya ruɗe. Amma su bukatarsu magani ce, ba su nemi ƙidaya tsirran ƙasa duka ba.

Turawan da suka fara zuwa da wannan nufi kuwa, akasarinsu ba su koma gida ba. Likita Oudney, mutumin Sikotilan, ya ƙetaro hamada daga Tarabulus tare da Clapperton, wanda aka sani a nan da sunan Abdullahi. Yana tafe yana tsintar ganye, ciwon ƙirji na cinsa, har ajalinsa ya cika a Murmur kusa da Katagum cikin Janairu 1824. Abokinsa ya binne shi, ya wuce Kano shi kaɗai. Busassun ganyayen da aka tara a tafiyar suka isa Landan, wani masani Robert Brown ya duba su. Cikin bayanin da ya rubuta a 1826 ne ya raɗa wa dangin ɗorawa sunan Parkia, don tunawa da Mungo Park. Cikin 1841 wani Bajamushe, Theodor Vogel, ya hau kogin Kwara da ayarin jiragen Ingila. Zazzaɓi ya kashe wajen sulusin Turawan ayarin, shi ma ya cika a tsibirin Fanando Po kafin shekarar ta fita. Wani Vogel ɗin kuma, Eduard, wanda ya kira kansa Abdulwahid, ya zaga Kukawa da Bauchi da Zariya yana aika tsirrai Turai, aka kashe shi a Wadai cikin 1856. Charles Barter, mai aikin lambu, ya biyo Likita Baikie, jirginsu ya fashe a kan dutse kusa da Jebba cikin 1857. Bai fasa ba, ya ci gaba da tara ganye a ƙasar Nufe har ya mutu a Rabba cikin 1859.

Wanda ya ratsa kusa da Bagwai cikinsu shi ne Barth, watau Abdulkarim. Ya baro Katsina ya bi ta Kusada da Bichi, ya shiga Kano farkon Fabrairu 1851. Shi ba tsirrai ne fanninsa ba, amma yana da kunne, duk itacen da ya tambaya sai ya rubuta sunansa yadda ya ji a bakin mutane, ya kuma yaba albarkar ƙasar da yawan itatuwanta.

To, babban aikin sai da aka yi rabin ƙarni kana mai shi ya zo. Sunansa John McEwen Dalziel, mutanen ƙasarsu kuwa "Diyal" suke faɗin sunan, ko da yake rubutun bai nuna haka ba. An haife shi a Indiya cikin 1872, ya yi karatun likita a Edinbara, ya yi aiki a ƙasar Sin, sa'an nan ya shiga aikin likitan gwamnati a Afirka ta Yamma cikin 1905. Aka yi ta yawo da shi daga bariki zuwa bariki: Zungeru, Kwantagora, Katagum, Yola, Sakkwato. In ya gama duba marasa lafiya sai ya shiga daji.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai a yanko reshe mai ganye da fure, in da hali har da 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin takardu masu shan ruwa, a danne da katako a ɗaure. Kullum sai an sake takardun, in ba haka ba fumfuna ta ci shi da damina, abin da ta rage kuwa gara na jira. Ko wane reshe da lambarsa, da sunan wurin da aka same shi, da watan. Wahalar ita ce itatuwa da yawa na ƙasar nan da rani suke fure sa'ad da ba ganye a jikinsu, sai mutum ya shaida itacen, ya komo bayan wata shida ya ɗebi ganyensa. In an gama a cika akwati a aika babban lambun Kew, kusa da Landan, inda ake gwada shi da na sauran ƙasashe.

Abin da ya raba Dalziel da na gabansa shi ne tambaya. Yakan tambayi makiyayi da maharbi da mai magani: mene ne sunan wannan, me ake yi da shi? Nan ya tarar suna kan sauya daga gari zuwa gari. Wasu su ce kaɗanya, wasu kaɗe. Wasu ɗinya, wasu ɗunya. Wasu hano, wasu ararraɓi. Wani sa'i kuma suna guda ya hau tsirrai biyu ko uku da ba su da dangantaka, wannan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai haɗa magani. Ya tattara sunayen ya jera kowanne da takwaransa na Latin, aka buga a Landan cikin 1916. Bayan ya bar aikin likita ya zauna a Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma daga 1927 zuwa 1936. Cikin 1937 ya fitar da nasa na amfanin tsirrai, abinci da magani da rini da jima da dafi. Ya mutu cikin 1948.

Hutchinson ya sa wa hano sunan abokinsa, Boswellia dalzielii, tun 1910. Itacen da ake kafa shinge da shi, ana turare da ƙaronsa, yau a littattafan duniya da sunan likitan ake kiransa. Lalle ya cancanci yabo. Amma fa a tuna sani na masu ba da amsa ne, su kuwa ba a liƙa sunansu ga itace ba. Ɗan abin da ya samu shi ne kalmar Hausa ta kutsa cikin Latin: cikin 1915 masanin Kew Otto Stapf ya kira iburu Digitaria iburua.

Gawo ya isa misali. Cikin 1934 wani Bafaranshe, Chevalier, ya ware shi daga dangin ƙaya ya ba shi sunan Faidherbe, tsohon gwamnan Sanagal, wanda ba ruwansa da noma. Masana daga baya suka auna suka tabbatar da dalilin da ya sa gero ke kyau a gindinsa. Yana zubar da ganye da faɗuwar damina, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta samu shuka. Saiwarsa na nutsawa ƙasa ƙwarai, ba ta ƙwace ruwan hatsi. Da rani ya yi ganye, dabbobi su fake a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Manomin Bagwai ya san wannan tun kaka da kakanni, sarakunan Damagaram ma sun hana saransa da horo mai tsanani tun kafin zuwan Turawa.

Littafin 1937 bai mutu ba. H. M. Burkill ya sake shi ya faɗaɗa, ya fito juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004, masu binciken magani a jami'o'in Kano da Zariya suna buɗa shi. Gonar ce take sauyawa. Dogon yaro, wanda yanzu ya cika ƙauyuka, baƙo ne daga Indiya, ba a fara shuka shi a Barno ba sai wajen 1928, shekara goma sha biyu bayan littafin sunayen. Yana saurin girma, akuya ba ta cika damunsa ba, saboda haka shi ake dasawa. Ɗorawa kuwa sai ta kusa shekara goma kafin ta fara 'ya'ya, masu neman itacen girki da gawayi ba su jiran haka, tsofaffin da ke tsaye a gonaki suna faɗuwa, ƙanana kaɗan ne ke tasowa a bayansu.