FASHIN BAƘI: Abincin kan hanya, haɗarin da ke cikinsa, da wanda doka ta ɗora wa kula da shi

Motar da ta taso daga Abuja da hantsi za ta nufi Kano, da wuya ta isa ba ta yada zango ba, ko a Tafa, ko a Mararrabar Jos, ko a Kwanar Dangora. Direba kan ba da ɗan lokaci kaɗan na sallah da cin abinci. A cikin waɗannan mintuna ne ɗalibi mai komawa makaranta, da ɗan bautar ƙasa, da 'yar kasuwa mai goyo, za su zaɓi abin da za su sa a ciki, daga kular shinkafar da ba su san lokacin da aka sauke ta ba, ko daga tiren soyayyen naman da ƙura ta wuni tana sauka a kansa.

Akasari ana ɗaukar wannan zaɓi a matsayin al'amarin matafiyi shi kaɗai. Gaskiya ne akwai abin da ke hannunsa. Amma akwai kaso mai girma da tsarin mulkin Najeriya ya ɗora wa hukuma.

Girman matsalar

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2015 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ne ke kwanciya ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki kuma na rasa rayukansu. A Afirka kaɗai, fiye da mutum miliyan 91 ke kamuwa, wasu 137,000 na mutuwa.

A cikin gida, Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a 2021, sama da 3,600 suka rasu. Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Kwalara kuwa ta ruwa da abinci take shiga jiki. A shekarar ce kuma aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami.

Me ke faruwa a cikin kula?

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyos. Shi ya sa WHO ke gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin firji ba. Abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda bai huce ba kuma ba ya tururi, shi ne ya fi haɗari, kuma shi ne ya fi yawa a bakin hanya.

Shinkafa tana da nata sirrin. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda ƙwanta ba ya mutuwa a tukunya. Idan shinkafa ta daɗe a ajiye, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki dafin da ɗumame ba ya kashe shi. Kuma abincin ba lallai ya yi tsami ko wari ba, don haka hanci da harshe ba su isa shaida ba.

Haka abin yake ga duk abin da ba ya komawa wuta bayan hannu ya taɓa shi: kabeji da latas da ake barbaɗa wa shinkafa, kankanar da aka yanka tun safe, ƙanƙarar da ake jefawa cikin zoɓo ko kunun aya, da nonon da ba a tafasa ba ko aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba.

Cutar da ba ta nuna kanta a ranar

Ga direban tirela ko ɗan kasuwar da rabin rayuwarsa a hanya take, akwai haɗari na biyu mai tafiyar hawainiya. WHO ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali guda, sukari kuma kada ya wuce kimanin giram 50. Kwalbar lemo guda mai rabin lita kan kusa cinye wannan adadi. Taliyar 'yan yara da yajin tsire cike suke da gishiri da ɗanɗano. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana haifar da sinadarai masu illa ga zuciya. Ƙarshen wannan hanya shi ne hawan jini da ciwon suga.

Tsadar rayuwa ta ƙara dagula lissafin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Idan kuɗin mota ya cinye aljihu, biskit da lemo ne ke zama abincin rana. Mai sayarwa ita ma ba ta iya zubar da kwantai ko sauya mai kullum, domin jarinta ke nan.

Alhakin wa ne?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin NAFDAC ne. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ta fi mayar da hankali ne kan abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, kamar ruwan leda, lemo da biskit. Ita ce ta haramta sinadarin buromet a burodi, take kuma gargaɗi kan nunar da 'ya'yan itatuwa da kabaid.

Amma tukunyar da ke bakin tasha tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai kula da gidajen abinci, gidajen burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci, tare da mayanka, kasuwanni, tashoshin mota da banɗakunan jama'a. Ma'aikatan wannan aiki su ne duba-gari, waɗanda a da jin sunansu kaɗai kan sa a share gida a rufe randa.

Shekaru da dama ƙananan hukumomi na kafa hujja da cewa gwamnoni sun riƙe musu kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye. Don haka tambayoyin da ya dace matasa su yi wa ciyaman da kansila a fili suke: duba-gari nawa ƙaramar hukumar ke da su? Yaushe rabon da su leƙa tasha? Harajin da ake karɓa kullum daga masu abinci, nawa ne ya koma famfo ko banɗaki? Rashin banɗaki ma cuta ce mai zaman kanta, domin yakan sa matafiya, musamman mata, su ƙi shan ruwa tun daga farkon tafiya har ƙarshenta.

Abin da ke hannun matafiyi

Fataken da suka ratsa daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba su dogara da abincin zango kaɗai ba, guzuri suke yi. Hikimar guzurin Bahaushe ita ce bushewa, domin ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa inda babu danshi. Dabino, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi da dambun nama duk suna jure tafiya, suna kuma riƙe ciki fiye da biskit. Sai dai a tabbatar gyaɗar ba ta yi hunhuna ba.

Idan sayen ya zama dole, wanda aka sauke a gaban ido shi ne zaɓi: ƙosai ko waina daga kasko, tsire daga kan wuta, shayin da ya tafasa, masarar da aka gasa nan take. Cikin 'ya'yan itatuwa, gara wanda mutum zai ɓare da hannunsa, kamar ayaba da lemon zaƙi. Ruwa kuwa a taho da shi daga gida, ko a sayi rufaffe mai lambar NAFDAC. Ƙaramin sabulu a jaka ya fi kwanon ruwan da mutum goma suka tsoma hannu a ciki. Direba kuma ya ci kaɗan-kaɗan, domin cika ciki da rana barci yake jawowa.

In gudawa ta kama mutum a hanya, ruwan gishiri da sukari ne taimakon farko: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Idan bayan gida ya koma kamar ruwan shinkafa, ko aka ga jini, ko yaro ya galabaita, asibiti mafi kusa za a nufa, ba jiran ƙarshen tafiya ba.

Guzuri zai kare wanda ya shirya. Sauran fasinjojin motar kuwa, kariyarsu tana wuyan ƙaramar hukumar da tashar ke cikinta.