Rassan adabi uku da ɗalibin Damargu ya riga ya sani

A kwalejojin Tanut da Belbeji, ɗalibai da yawa kan ɗauka adabi abu ne da ya zo cikin littafin Faransanci. Ba haka ba ne. Masana sun kasa rubutaccen adabi gida uku: zube, waƙa da wasan kwaikwayo, kuma kowanne yana da tushe a adabin baka.

Zube shi ne labarin da aka shimfiɗa ba tare da awo ko amsa-amo ba. Yarinyar da ke sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan an ci tuwon dare ta san tauraro, ta san jigo, wato saƙon da labari ke ɗauke da shi. Da wannan sanin za ta karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Sarraounia da Abdoulaye Mamani ya fitar a 1980. Waƙa tana tafiya da baiti da kari, kamar waƙar matan da ke dakan gero, taɓarya na riƙe musu awo. Wasan kwaikwayo kuwa, mutanen Damagaram sun daɗe suna jin sa a rediyo daga bakin Yazi Dogo da abokansa.

Farawa daga abin da ɗalibi ya riga ya sani yana da amfani har a darasin harshe. A nahawun Ingilishi, ɗaya daga cikin abubuwan da ke wahalar da yara shi ne lokaci. Bahaushe yana cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi, yana nuna lokacin a kalmar da ke zuwa kafin aikatau. Ingilishi yakan sauya siffar aikatau ɗin kansa, wasu ma ba bisa ƙa'ida ba, sai an haddace su ɗaya bayan ɗaya. A ganina, malami ya fara da wannan kwatancen kafin ya cika allo da jadawali.